Browning Hi-Power: Tarihin ƙaramar bindigar Beljiyam da ta zama 'yar gida a Kaduna

Duk ɗan kasuwar da ke bin hanyar Jega zuwa Aliero, ko ya gangara Maiyama da kayansa, ya saba ganin makamai iri biyu a shingayen bincike. Akwai doguwar bindiga, galibi AK-47, rataye a kafaɗar ƙananan jami'ai. Akwai kuma ƙaramar bindiga da ke cikin kube a ƙugun babban jami'i, wadda ba a cika zaro ta ba. Ƙananan bindigogin da jami'an tsaron Najeriya ke riƙewa iri-iri ne, daga ƙasashe daban-daban, amma akwai guda ɗaya da tarihinta ya fi na sauran tsawo, wadda har aka riƙa ƙera ta a Kaduna. Sunanta Browning Hi-Power.

An fara fitar da ita a 1935, aka ci gaba da ƙera ta sama da shekara 80, sojojin ƙasashe fiye da 50 suka yi aiki da ita, haka kuma 'yan sanda a nahiyoyi da dama. Tarihinta na nuna yadda makamin da aka tsara domin fagen yaƙi ya koma aikin tsaron gari, da irin horo da lissafin da wannan sauyi ke buƙata.

Asalin ƙirarta

Bayan Yaƙin Duniya na Ɗaya, rundunar sojin Faransa ta nemi sabuwar ƙaramar bindiga. Daga cikin sharuɗɗan da ta gindaya akwai cewa bindigar ta ɗauki harsasai aƙalla goma, ta yi sauƙin warwarewa da harhaɗawa, kuma ta iya illa daga nisan mita 50. Kamfanin Fabrique Nationale, wanda aka fi sani da FN, da ke garin Herstal kusa da birnin Liège a ƙasar Beljiyam, ya shiga takarar. Ya miƙa aikin ga John Moses Browning, Ba'amurke haifaffen garin Ogden a jihar Utah, wanda a zamaninsa babu maƙerin bindiga da ya kai shi suna.

Browning ya tarar da cikas tun daga farko. Ya riga ya sayar wa kamfanin Colt haƙƙin mallakar fitacciyar bindigarsa ta M1911, don haka doka ta hana shi amfani da dabarun da shi da kansa ya ƙirƙiro. Dole ya sake sabon tsari. Ya shigar da takardar neman haƙƙin sabuwar ƙirar a 1923, amma bai ga ƙarshen aikin ba, domin ya rasu ranar 26 ga Nuwamba, 1926, yana bakin aiki a Beljiyam. Takardar haƙƙin ta fito a watan Fabrairun 1927, bayan rasuwarsa.

Wanda ya ƙarasa aikin shi ne mataimakinsa, Dieudonné Saive, ɗan ƙasar Beljiyam. Shi ne ya tsara gidan harsashi mai layi biyu, inda harsasai ke zama a karkace, wani gefen hagu wani gefen dama, maimakon su hau kan juna a layi ɗaya. Da haƙƙin kamfanin Colt ya ƙare a 1928, Saive ya ɗauko wasu dabarun M1911 ya haɗa da sabuwar ƙirar. A 1935 sojojin Beljiyam suka karɓe ta, shi ya sa wasu ke kiranta P-35 ko GP-35. Faransa kuwa, wadda domin ta aka soma aikin, ta juya baya ta zaɓi wata bindigar da aka ƙera a gida.

Sunan da aka raɗa mata da Faransanci, Grande Puissance, na nufin babban ƙarfi, kuma daga nan sunan Hi-Power ya samo asali. Ƙarfin da ake nufi shi ne yawan harsasai. Tana ɗaukar 13 a lokacin da M1911 ta Amurka ke ɗaukar 7, Luger ta Jamus ke ɗaukar 8, libarba kuma galibi 6.

Yadda take aiki

Tsawon bindigar milimita 197 ne, wato kusan santimita 20. Bututunta ya kai kimanin milimita 118, nauyinta kuma ya kusa kilo ɗaya, domin da ƙarfe aka yi jikinta. Harsashinta shi ne mai faɗin milimita 9, wanda Georg Luger ya tsara a Jamus a farkon ƙarni na 20, kuma har yau shi ne harsashin ƙananan bindigogi mafi yaɗuwa a duniya.

A nan ya kamata a bambanta abubuwa biyu da jama'a kan haɗa. Bindiga irin AK-47 tana iya ci gaba da aman wuta muddin yatsa na kan kunama. Hi-Power kuwa harsashi ɗaya take fitarwa a kowane jan kunama. Abin da take yi da kanta shi ne ɗura na gaba. Idan harsashi ya tashi, ƙarfin da ya tura shi gaba yana tura murfin saman bindigar baya. Bututu da murfin kan tafi tare na ɗan taƙi, sannan bututun ya sunkuya ya saki murfin. Murfin ya ci gaba da ja da baya, ya fizge kwanson da ya ƙone ya jefar, ya ɗana gudumar da ke bayan bindigar, sai sifirin ya dawo da shi gaba, a hanya ya kwaso sabon harsashi ya cusa a bututu. Duk wannan na faruwa kafin ƙiftawar ido. Wannan dabara ta bututu mai sunkuyawa ita ce mafi yawan ƙananan bindigogin zamani suka gada.

Kunamar Hi-Power aiki ɗaya take yi, wato sakin gudumar da aka riga aka ɗana. Idan ba a ɗana ba, jan kunama ba ya haifar da komai. Idan an ɗana, ɗan ja kaɗan ya isa. Saboda haka aka yi mata sakata a gefen hagu da ake turawa da babban yatsa domin kulle ta. Akwai kuma kariya ta biyu wadda Faransawa suka nema tun farko: idan an zare gidan harsashi, kunamar ba za ta yi aiki ba. Dalilin wannan kariya sananne ne ga duk mai koyar da harbi. Zare gidan harsashi ba ya fitar da harsashin da ya riga ya shiga bututu, kuma mutane da yawa sun halaka a hannun wanda ya ɗauka bindigarsa babu komai a ciki. Sai dai kariyar tana da iyaka, domin da zarar an mayar da gidan harsashin, ko da wayam yake, harsashin da ke bututu zai iya tashi.

Masu amfani da ita sun yaba da yadda mariƙinta ke zama daram a tafin hannu duk da yawan harsasan da ke ciki. Sun kuma yi ƙorafi a kan abubuwa uku: sakatar samfuran farko ƙarama ce ƙwarai, kariyar gidan harsashi na sa kunama ta yi ɗan tauri, sannan gudumar kan cije fatar da ke tsakanin babban yatsa da manuniya. Kamfanin ya yi gyare-gyare a hankali. A farkon shekarun 1980 ya fitar da samfurin Mark II mai sakata a gefe biyu, a 1988 kuma ya fitar da Mark III, wanda yawancinsa ke da ƙarin kariya da ke hana harbi idan bindiga ta faɗi ƙasa.

Yaƙin da ya watsa ta a duniya

A 1940 sojojin Jamus suka mamaye Beljiyam, suka karɓe masana'antar Herstal, suka ci gaba da ƙera bindigar domin dakarunsu. Sun fitar da fiye da 300,000 kafin a kore su. Saive ya tsere zuwa Ingila, daga nan aka kai zanen bindigar Kanada, inda kamfanin John Inglis da ke Toronto ya ƙera kimanin 150,000 tsakanin 1944 da 1945 domin sojojin Sin da Kanada da Birtaniya. Ta haka Hi-Power ta zama ɗaya daga cikin makamai ƙalilan da ɓangarorin biyu na Yaƙin Duniya na Biyu suka riƙe.

Bayan yaƙin, Birtaniya ta mayar da ita ƙaramar bindigar sojojinta a shekarun 1950, a madadin libarba. Ƙasashen da ta raina da dama suka bi sahu, domin horon sojojinsu da tsarin makamansu daga can suka samo asali. Indiya ta riƙa ƙera tata a masana'antar Ishapore, Ajantina ta ƙera da lasisin FN, Hangari da Indunusiya su ma suka fitar da nasu samfuran.

Yawanta ya sa ta bayyana a wasu manyan al'amuran tarihi. Da ita Mehmet Ali Ağca ya harbi Fafaroma John Paul na Biyu a dandalin Saint Peter ranar 13 ga Mayu, 1981. Bindigar zinaren da mayaƙa suka riƙa ɗagawa a birnin Sirte bayan kama Mu'ammar Gaddafi a watan Oktoban 2011 ita ma Hi-Power ce.

A hannun 'yan sandan duniya

'Yan sanda sun daɗe suna riƙe da libarba bayan sojoji sun bar ta, saboda sauƙinta: babu sakata, babu ɗanawa, kunamarta kuma na da tauri, ba ta tashi da ɗan kuskure. Inda Hi-Power ta fara samun shiga shi ne rundunoni na musamman, waɗanda ke fuskantar 'yan ta'adda da masu garkuwa da mutane. A Landan, inda akasarin 'yan sanda ba sa ɗaukar bindiga ko kaɗan, ƙwararrun sashen makamai sun yi aiki da ita kafin su koma Glock. A Amurka, rundunar ceto waɗanda aka yi garkuwa da su ta hukumar FBI ta riƙe ta a shekarun 1980. A Beljiyam da Indiya da Ajantina kuwa ta zama bindigar aikin yau da kullum ga ɗimbin jami'ai.

A nan ne matsalar ƙirarta ta fito fili. Jami'in da ke riƙe da ita yana da zaɓi biyu. Ko ya ɗauke ta a ɗane da harsashi a bututu, sakata a kulle, wanda ke ba shi saurin harbi amma yana buƙatar horo mai yawa domin kada yatsa ya riga hankali. Ko kuma ya bar bututun babu harsashi, sai lokacin buƙata ya ja murfin, wanda ya fi aminci amma yana cin lokaci da hannu biyu. Rundunoni da yawa sun zaɓi hanya ta biyu. Soja a fagen yaƙi ya san inda abokin gaba yake. Ɗan sanda kuwa yana aiki ne a kasuwa da tasha da bakin titi, kewaye da mutanen da aka ɗauke shi aikin kare su, kuma yawancin ranakun aikinsa ba sa buƙatar harbi ko ɗaya.

Wannan ya sa 'yan sandan Jamus ta Yamma, a shekarun 1970, suka nemi bindigar da za a ɗauka da harsashi a bututu cikin aminci, a kuma harba ba tare da buɗe sakata ba. Sabbin ƙira suka biyo baya. CZ 75 ta ƙasar Cekoslobakiya da Beretta 92 ta Italiya sun bayyana a tsakiyar shekarun 1970, dukkansu da gidan harsashi mai layi biyu irin na Saive, amma jan kunama na farko mai tauri ne. A farkon shekarun 1980 Glock 17 ta Ostiriya ta fito da jikin roba mai ƙarfi, mara nauyi, da harsasai 17. Ita ce ta kwashe kasuwar 'yan sanda a ƙasashe da dama. Sojojin Birtaniya ma sun koma Glock 17 a 2013, kuma a 2018 aka sanar da daina ƙera tsohuwar Hi-Power. A 2022 FN ya fitar da sabuwar ƙira mai kusan wannan suna da ke ɗaukar harsasai 17, kamfanonin Turkiyya da Amurka kuma na ci gaba da ƙera kwafin tsohuwar.

Zuwanta Najeriya

A garuruwan Masarautar Gwandu, ciki har da Jega da Aliero da Maiyama, tsaron gari a zamanin Turawa na hannun dogarai ne da 'yan doka na Hukumar Gargajiya, waɗanda makaminsu na yau da kullum kulki ne. Rundunar 'Yan Sandan Najeriya, wadda aka kafa a 1930 ta hanyar haɗe rundunonin Arewa da Kudu, ita ke da bindigogi. A ƙarshen shekarun 1960 gwamnatin soja ta rushe tsarin 'yan doka ta shigar da su rundunar tarayya. Yaƙin basasa na 1967 zuwa 1970 ya bar makamai a hannun jama'a, fashi da makami ya ƙaru, ɗan sanda mai bindiga ya zama abin gani a kan kowace babbar hanya.

Tun a 1964 majalisar tarayya ta kafa Hukumar Masana'antun Tsaro ta Najeriya, wato DICON, da masana'anta a Kakuri, Kaduna, wadda kamfanin Fritz Werner na Jamus ta Yamma ya gina. Da farko bindigogin kamfanin Beretta na Italiya aka riƙa harhaɗawa a can. Daga ƙarshen shekarun 1970 zuwa shekarun 1980 Najeriya ta ƙulla yarjejeniya da FN, masana'antar ta soma ƙera doguwar bindigar FAL da sunan NR-1, da kuma Hi-Power da sunan NP-1, wato ƙaramar bindigar Najeriya ta ɗaya. Saive ne ya tsara FAL ɗin ma, don haka makamai biyu na mutum guda suka fito daga Kaduna. Abin da masana'antar ke fitarwa bai taɓa wadatar da sojoji da 'yan sanda ba, shi ya sa aka ci gaba da sayo ƙananan bindigogi daga waje, rumbunan makamai suka cika da samfura mabambanta. A 2023 Shugaba Bola Tinubu ya sanya hannu a sabuwar dokar DICON da ta maye gurbin ta 1964, domin faɗaɗa ƙera makamai a gida.

Abin da doka ta tanada

Dokar Makamai ta 1959 ta kasa bindigogi gida uku. Bindigar toka ta mafarauta na ƙarƙashin izinin Kwamishinan 'Yan Sanda na jiha. Bindigogin farauta na zamani, irin mai baki biyu, lasisinsu na hannun Sufeto Janar. Kashi na uku shi ne makaman da aka haramta, waɗanda Shugaban Ƙasa kaɗai ke iya ba da lasisinsu, kuma ƙananan bindigogi, fistol da libarba, a wannan kashi suke, tare da bindigogin yaƙi. Hukuncin mallakarsu ba bisa ƙa'ida ba shi ne ɗaurin aƙalla shekara goma. Ɗan kasuwar da aka yi wa tayin ƙaramar bindiga domin kare kuɗinsa a hanya ya kamata ya san cewa babu takardar caji ofis ko ta ƙungiyar sa-kai da za ta halatta masa ita. Doka ta tsananta a kanta ne saboda tana ɓuya a cikin aljihun babbar riga.

Shi ma ɗan sanda ba a sakar masa mara ba. Sashe na 33 na Kundin Tsarin Mulkin 1999 ya tabbatar da haƙƙin rayuwa. Umarnin Runduna mai lamba 237 shi ne ke fayyace lokacin da jami'i zai iya harbi. An daɗe ana sukar tsohon umarnin saboda ya ba da damar harbin wanda ake zargi idan ya gudu. A watan Oktoban 2019, zamanin Sufeto Janar Mohammed Adamu, aka ƙaddamar da sabon umarnin da aka yi wa kwaskwarima, wanda ya matso kusa da ƙa'idojin Majalisar Ɗinkin Duniya na 1990, masu cewa ba a amfani da bindiga sai inda rai ke cikin haɗari na nan take ko ake fargabar mummunan rauni, kuma babu wata hanya mafi sauƙi.

Makamin da ya fi rajistarsa tsawon rai

Bindigar ƙarfe irin Hi-Power, idan ana goge ta ana sa mata mai, tana iya aiki shekaru masu yawa. Sojojin Kanada sun ci gaba da riƙe waɗanda aka ƙera a 1944 da 1945 har zuwa 'yan shekarun nan. Wannan ƙarko alheri ne ga baitulmali, amma haɗari ne idan makamin ya fita daga lissafi. Kowace bindiga na da lamba da aka buga a jikinta, kuma a ƙa'ida jami'i na sa hannu a littafin ma'ajin makamai lokacin karɓa da lokacin mayarwa, tare da ƙidayar harsasai. Wannan littafi shi ne ke nuna wanda ya riƙe wace bindiga a wace rana.

Rahoton Babban Mai Binciken Kuɗi na Tarayya na shekarar 2019 ya ce makamai 178,459 na rundunar 'yan sanda sun ɓace ko ba a iya ba da bayaninsu ba, kuma ya ambaci ƙananan bindigogi a cikinsu. Rundunar ta yi jayayya da alƙaluman, tana cewa wasu makaman na hannun jami'an da ke bakin aiki lokacin binciken, wasu kuma an ƙwace su ne a hare-haren da aka kai wa jami'ai da ofisoshinsu. Ko ma yaya lissafin ya ƙare, makamin da ya fita daga rumbun hukuma yana iya dawowa kan hanyar kasuwa a hannun ɗan fashi. Lamarin ya fi shafar jihohin kan iyaka irin Kebbi, wadda ta yi iyaka da Nijar da Benin. Ƙasashen ECOWAS sun sanya hannu a yarjejeniyar taƙaita ƙananan makamai a Abuja a 2006, kuma a 2021 Najeriya ta kafa cibiyar ƙasa ta kula da yaɗuwar ƙananan makamai a ƙarƙashin ofishin Mai Ba Shugaban Ƙasa Shawara kan Harkokin Tsaro.

Browning da Saive sun warware matsalar ƙira tun 1935, kuma dabarunsu biyu, bututu mai sunkuyawa da gidan harsashi mai layi biyu, suna cikin kusan kowace ƙaramar bindigar da 'yan sanda ke ɗauka a yau. Abin da ya rage a wuyan kowace runduna, daga Landan har zuwa ofisoshin 'yan sanda na Jega da Aliero da Maiyama, shi ne yawan atisayen da jami'i ke samu a filin harbi, da sanin umarni mai lamba 237, da kuma littafin ma'ajin makamai da ake cikewa kullum safe da yamma.